Tambaya da Amsa: Ƙera Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Aiki da Tururi

A fitowar da ta gabata na ambaci, a cikin wata amsa da ba ta shafi jirage ba, cewa ina da wani ƙaramin jirgin ruwa da na ƙera da hannuna, wanda tururi ke tura shi, ana kuma sarrafa shi daga bakin ruwa da na'urar rediyo. Wasiƙun da suka biyo bayan wannan magana sun fi ƙarfin shafi ɗaya, saboda haka na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin, na ajiye sauran sai wani lokaci idan Allah ya kai mu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ina koyon aikin kafinta a kusa da Kasuwar Katako a nan Jos. Na riga na sassaƙa gangar jikin jirgi mai tsawon santimita 60, kuma ta yi kyau ƙwarai. Wane irin injin tururi zan nema in saka a ciki? Daga mai karatu a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi wa hannunka albarka. Zan faɗa maka abin da ba lalle ya yi maka daɗi ba: wannan gangar jiki ka saka mata ƙaramin injin lantarki mai batir ka more ta, amma ba za ta ɗauki tururi ba, domin a jirgin tururi ba da katako ake farawa ba. Ana farawa ne da tukunyar tururi da injinta, a ɗaure su a kan faranti ɗaya na alminiyom tare da murhu da tankin gas, a cika tukunyar da ruwa, a ɗora duka a kan sikeli, sannan a zana jirgin da zai iya ɗaukar abin da sikelin ya nuna.

Dalili shi ne ruwa ba ya karɓar roƙo. Duk abin da ke yawo a kansa sai ya ture ruwan da ya kai nauyinsa daidai, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kayan tururi na ƙaramin jirgi, idan tukunya tana cike, sukan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka ƙara nauyin katako da batir da kayan rediyo da dalmar da za a shimfiɗa a ƙasa, sai ka ga ka doshi kilo huɗu zuwa shida, wato ɓangaren jirgin da ke cikin ruwa dole ya ture lita huɗu zuwa shida. Jirgin da zai yi haka cikin natsuwa yana bukatar tsawon santimita 90 zuwa mita ɗaya, da faɗin santimita 20 zuwa 25. Faɗin nan kada ka yi masa rowa, domin tukunyar da ke tsaye tana ɗaga nauyi sama, jirgi siriri kuwa da zarar ya karya kwana ko iska ta buge shi daga gefe sai ya kwanta, alhali da wuta a cikinsa.

Aikin katakon kansa ba zai ba ka wahala ba. Ka yanka ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa daga filawud mai kaurin milimita 4 zuwa 6, ka kafa su a kife a kan allo mai shafe wanda bai tanƙware ba, sannan ka rufe su da siraran falankai masu kaurin milimita 2. Ka riƙa liƙa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, bi da bi. Idan ka gama gefe guda kafin ka taɓa ɗayan, katakon zai ja ƙashin bayan ya karkace, jirgin kuma ba zai taɓa tafiya a miƙe ba. Abin da ke faranta mini rai a nan shi ne katakon obeche, wanda masu wannan sana'a a Turai suke saye a yanke da tsada saboda rashin nauyinsa da sauƙin lanƙwasa shi, daga dazuzzukan Afirka ta Yamma yake fitowa, har da kudancin ƙasarmu, kai kuwa a bakin kasuwarsa kake aiki. Madaci ka bar shi don bene da kujeru da gefen sama, inda jansa zai fito idan an shafa masa mai.

Bututun da sandar farfela ke bi ta ciki ka kafa shi tun kafin ka rufe jiki, ka tabbata ya fuskanci sandar injin a layi ɗaya, domin ƙaramin inji ba shi da ƙarfin da zai ɓatar wajen kokawa da sandar da ta goce. Ka cika bututun da giris don ya tare ruwa. Bayan haka ka shafe ciki da waje da gam mai haɗi biyu irin su Araldite, saboda a jirgin tururi ruwan zafi da mai daga ciki suke zuba, ba daga waje kaɗai ba. Jirgin farko ya kasance buɗaɗɗe, marar rufi a kan tukunya, don wuta ta sami iska, hannunka kuma ya isa ko'ina cikin gaggawa. Kafin fenti ka sa shi a babban baho da dukan kayansa, ka riƙa jera gutsattsarin dalma a can ƙasa har ya zauna daidai, sannan ka liƙe su a inda suke.

Tambaya: Malam, sana'ata gyaran firij da iyakwandishan ce. Tukwanen da ake kawowa daga waje sun yi mini tsada. Zan iya yin tawa da gwangwanin madara, ko gwangwanin maganin sauro na fesawa, in liƙe da dalma irin ta masu gyaran rediyo? Daga mai karatu a Titin Bauchi, Jos.

Amsa: Malam, don Allah kada ka yi. Wannan ita ce tambayar da ta fi tsaya mini a rai cikin duk waɗanda suka zo, kuma ina roƙon sauran masu karatu su bi amsarta a hankali.

Ƙananan tukwanen nan suna aiki ne a matsin da ya kai 30 zuwa 45 a ma'aunin da mai faci yake auna tayar mota da shi. Mutum zai ce ai wannan bai wuce iskar taya ba, amma abin da ke cikin taya iska ce mai sanyi, abin da ke cikin tukunya kuwa ruwa ne da matsi ya hana shi tafasa har zafinsa ya haura digiri 140. Idan bango ya tsage, matsin nan ya tafi nan take, wani kaso na ruwan zai rikiɗe ya zama tururi cikin ƙiftawar ido, tururi kuwa yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya haife shi. Sauran tafasasshen ruwan da ɓaraguzan gwangwani fuskar wanda ya sunkuya a kai za su nufa, kuma sau da yawa yara ne suka fi kusa.

Dalmar masu gyaran rediyo tana narkewa a wajen digiri 183, tana kuma rasa ƙarfinta tun kafin ta kai nan. Ranar da ruwa ya yi ƙasa wuta ta ci gaba da ci, minti ɗaya ya isa ta saki. Gwangwani kuma siririn ƙarfe ne mai tsatsa, tsatsar tana cin sa ta ciki inda ido ba ya gani. Tukunyar kirki da bututun jan ƙarfe tsantsa ake yin ta, wanda ba shi da ɗinki a jikinsa, mai faɗin santimita 5 zuwa 7 da rabi da kaurin bango kamar milimita ɗaya da rabi, a haɗa ta da waldar azurfa wadda ba ta narkewa sai an wuce digiri 600. A nan sana'arka za ta taimake ka, tunda hannunka ya saba da jan ƙarfe da wutar gas, amma ka lura da abu biyu. Sandar waldar da kuke haɗa bututun firij da ita, mai sinadarin fosfaras, masu ƙera tukwanen tururi ba su yarda da ita ba. Sanda mai azurfa da yawa ake nema. Haka kuma tagulla mai ruwan ɗorawa, irin ta kan famfo, ba a yin jikin tukunya da ita, domin ruwan zafi yana tsotse tutiyar da ke cikinta sannu a hankali har ta zama kamar soso alhali daga waje tana ƙyalli.

Bayan an gama tukunyar, ba wuta ake fara sa mata ba. Ana cika ta da ruwan sanyi fal, ba a bar ko kumfar iska ba, a toshe kowace kafa, a tura ƙarin ruwa da ƙaramin famfon hannu har ma'auni ya nuna ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi, a bar ta haka na kusan kwata ɗaya na awa. Da ruwa ake gwajin, ba da iska ba, saboda ruwa ba ya matsuwa: idan wani wuri ya gaza, ɗigo kawai za a gani, ba fashewa ba. Na tuna gwajin tukunyata ta farko. Allurar ma'auni ta tsaya cak, na fara murna, sai na hangi wani ɗan ɗigo kamar zufa a gindin inda bawul ke zama. Na share shi da babban yatsa, na ƙirga goma, ya sake tsatsafowa a wuri ɗaya. Sai da na zubar da ruwan, na wanke wurin, na mayar da tukunyar wuta, aikin kwana biyu saboda ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, kuma har yau wannan tukunya tana aiki.

Kowace tukunya dole ta sami bawul ɗin kariya mai buɗewa da kansa idan matsi ya wuce iyaka, da ma'aunin matsi, da ɗan bututun gilashi mai nuna inda ruwa ya tsaya. Bawul ɗin nan ba a ɗaure shi, ba a danne shi don neman ƙarin gudu. Shawarata ita ce tukunyar farko ka tara kuɗi ka sayi ta masu ƙera da aka sani, irin su Stuart na Ingila, ko Regner na Jamus, ko Saito na Japan, ka yi shekara kana kallon yadda aka yi ta. Idan ka tashi yin taka, ka bi zanen da aka riga aka gwada, kada ka rage kauri ko ka ƙara faɗi da ra'ayinka. Inda za ka rage kashe kuɗi ba tare da haɗari ba shi ne injin kansa, domin duk mai injin sassaƙar ƙarfe da ya iya aikinsa zai fitar maka da silinda da fistin, kuma inji idan bai yi daidai ba iyakarsa ya ƙi juyawa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ɗan'uwana ya kawo mini cikakken injin tururi mai murhun gas. Da rana yana aiki lafiya, amma da safe a lokacin hunturu wutar takan yi ƙarfi da farko, bayan minti biyar ta lafa, matsi ya faɗi. Murhun ne ya lalace? Daga mai karatu a Rayfield.

Amsa: Alhaji, murhunka lafiyarsa ƙalau, sanyin Jos ne. Gas ɗin butan da ke cikin tankin ruwa-ruwa ne, sai ya tafasa ya zama iska kafin ya isa murhu, kuma yana daina tafasa idan sanyi ya kusa digiri sifili. Yayin da yake fita yana jan zafi daga jikin tankin, saboda haka tankin da ya fara da sanyin safiyar Disamba yakan ƙara sanyi da kansa. Ka taɓa shi lokacin da wutar ta lafa, za ka ji kamar kwalbar da aka ciro daga firij, har da raɓa a jikinsa. Maganin shi ne a zaunar da tankin a kan faranti ɗaya da tukunya don ya riƙa samun ɗan ɗumi, gwargwadon yadda tafin hannu zai zauna a kansa ba tare da damuwa ba, ko a yi amfani da gas mai haɗin butan kashi 70 da furofan kashi 30 idan an ƙera tankin don ɗaukarsa. Kada a kusanta masa harshen wuta, kada kuma a zuba masa furofan zalla, wanda matsinsa ya ninka na butan sau da yawa.

Tudunmu ma yana da nasa hannu. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, iskarta ta fi ta bakin teku sauƙi da fiye da kashi goma cikin ɗari, shi ya sa ruwa ke tafasa a nan a wajen digiri 96. Murhun da aka daidaita a ƙasa mai kwari yana iya ba da harshe rawaya mai hayaƙi a nan. A buɗe masa kafar iska kaɗan kaɗan har harshen ya koma shuɗi.

Tunda ka riga ka fara, ga abin da nake so ya zama maka al'ada. Ka ciro tankin daga jirgi kafin ka cika shi, domin gas ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan jirgi yana jiran ashana. Ka zuba wa tukunya ruwan sama da aka tace, zuwa kashi uku cikin huɗu, ba ruwan rijiyar burtsatse ba, wanda ke barin farin ɓawo irin na cikin butar shayi. Ka cika ƙaramin kofin mai da man tururi na musamman mai kauri, ba baƙin man mota ba. A cikin kofin tururi yana komawa ruwa ya nutse ƙasa, ya ɗago man ya bi bututu zuwa silinda, don haka bayan kowace tafiya sai an zubar da ruwan an sake cikawa. Mafi muhimmanci, ka kunna injin a kan tebur da agogo a hannu, ka tabbata gas yana ƙarewa kafin ruwa. Irin waɗannan tukwane sukan yi minti 15 zuwa 20, kuma idan naka ruwan ne ke riga ƙarewa, ka rage gas ɗin da kake zubawa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun injiniya. Ina da na'urar sarrafa motar wasa ta ƙanena. Za ta yi aiki a jirgin tururi, kuma ta yaya ake sa shi ya koma da baya? Daga mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa: 'Yata, za ta yi, muddin tana da layi biyu masu zaman kansu kuma ana iya cire akwatin karɓar saƙonta a haɗa masa sarbo, wato ɗan injin da ke ja da turawa gwargwadon motsin yatsanki. Sarbo ɗaya zai juya allon tuƙi da ke bayan farfela, ɗayan ya riƙe bawul ɗin tururi. Sarrafa jirgi daga nesa tsohon abu ne, domin tun 1898 Nikola Tesla ya nuna jirgin ruwa mai bin umarnin rediyo a birnin New York.

Komawa baya kuwa ba aikin rediyo ba ne, aikin inji ne. Inji mai silinda ɗaya idan ya tsaya fistin yana ƙarshen tafiyarsa, ba zai tashi ba sai an murza shi da hannu, hannu kuwa ba ya kaiwa tsakiyar tafki. Ki nemi mai silinda biyu, wanda tururi ke tura kowane fistin ta gaba da ta baya, an kuma saɓa su da digiri 90, wato kwata ɗaya na zagaye, ta yadda duk inda ya tsaya akwai fistin ɗaya da ke shirye. A irin wanda silindarsa ke lilo, bawul guda ne ke musanya hanyar shigar tururi da ta fitarsa: a tsakiya inji ya tsaya, a gefe ɗaya gaba, a ɗaya gefen baya.

Na'urorin yanzu masu gigahaz 2.4 saƙonsu ba ya ratsa ruwa ko ƙarfe, don haka eriya ta tsaya sama da layin ruwa, nesa da tukunya. Batir da sarbo su zauna a akwati rufaffe a can baya, inda zafi da feshin mai ba sa kaiwa. Ki saita na'urar yadda idan saƙo ya yanke bawul zai koma tsakiya da kansa, ki gwada hakan a ƙasa ta hanyar kashe ta hannunki, ki kuma riƙa tuna cewa tsayawar inji ba ta kashe wutar da ke ƙarƙashin tukunya. Farfela ki zaɓi babba mai faɗin ganye, kamar milimita 50 zuwa 60, domin injin tururi a hankali yake juyawa amma da ƙarfi. Gudun da ya dace da jirgi mai mita ɗaya bai wuce tafiyar mutum a ƙasa ba.

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata makarantar fasaha. Ina so ɗalibaina su kwaikwayi jirgin da ke da alaƙa da tarihinmu. Wanne za ka ba mu shawara, kuma za mu iya gwada shi a kududdufan haƙar kuza da ke kusa da mu? Daga wani malami a Bukuru.

Amsa: Malam, akwai jirgin da sunansa ma Hausa ne. A 1832 ɗan kasuwa Macgregor Laird ya taso daga Libaful tare da Richard Lander da jiragen tururi biyu don shiga Kogin Kwara, ɗaya Quorra, ɗaya Alburkah, wato albarka. Alburkah da ƙarfe aka ƙera shi, tsawonsa ƙafa 70, kimanin mita 21, kuma ƙafafun tuƙi ne a gefensa biyu, wato manyan ƙafafu masu juyawa suna tura ruwa baya, ba farfela ba. Idan kuka rage shi sau 20 zai ba ku jirgi mai ɗan fiye da mita ɗaya, daidai girman da na ambata a sama, sai dai ƙafafun tuƙi suna bukatar giya mai rage gudun inji sosai. Yayin da ɗalibai ke aikin, ya kamata su ji cewa irin waɗannan jirage su ne suka buɗe kogunanmu ga kamfanonin Turawa, daga baya kuma ga sojojinsu. Kafin su taɓa ƙarfe, ka kai su gidan tarihi na Jos su ga tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na siririn layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957, su ga tukunya da silinda da bawul a girmansu na gaske.

Kududdufan kuza kuwa ban yarda ka kai yara can ba. Ramukan haƙa ne, gefensu a tsaye yake, zurfinsu ba ya nunawa daga sama, ƙasansu laka ce, kuma mu mazauna Filato mun san sun ci rayuka. Jirgin tururi wata rana sai ya tsaya a tsakiyar ruwa, yaron da ya yi wata uku yana aikinsa kuwa ba zai tsaya shawara ba kafin ya faɗa. Ku fara da abin da za ku iya yi a harabar makaranta: ku jera bulo layi biyu a zagaye, mita huɗu a kan shida, ku shimfiɗa tamfol mai kauri, ku zuba ruwa zuwa tsakiyar ƙwauri. Idan jirgin ya yi tafiya goma a nan ba tare da matsala ba, sai ku nemi izini a wurin shaƙatawa mai masu tsaro da kwalekwale, ku je da sandar kamun kifi da aka ɗaura wa ƙwallon roba a bakin zarenta, wadda za a jefa ta haye jirgin a jawo shi a hankali, da guga cike da ruwa da tsumma jiƙaƙƙe a gefen wanda zai kunna wuta.